Alamun da Suka Sauko a Bayan Alfadari

Araceli Benjumea ta haura sittin, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, amma ita ce ke riƙe da tsohuwar hanyar alfadarai wadda ta tashi daga bayan maƙabartar ƙauyenmu ta hau dutse har idon ruwan Parda. Ba wanda ya naɗa ta. A can saman aka haife ta, cikin wani gidan dutse da yanzu ba shi da rufi, tun zamanin da masu ɓare itacen alkornoke ke zama a daji da iyalansu. Mahaifinta korar alfadarai yake yi, yana sauko da ɓawon da ake yi wa kwalabe toshiya da shi. Ita kuwa a otal-otal na bakin teku ta ƙarar da ƙuruciyarta tana wankin zannuwan gado. Sai da mijinta ya rasu ta dawo gida.

Ta tarar dajin ya zama gandun hukuma. Baƙi na zuwa daga birane da sanduna da jakunkuna a baya, su hau tudu su kalli ungulaye na shawagi, su saurari kukan barewa. Hanyar Parda kuwa ta mutu. Ƙaya ta cinye ta, makiyayin da ta ratsa ta gefen filinsa har ya fara kafa turakun shinge. Araceli ta yi ta safa da marwa zuwa ofishin gandun, har wata jami'a ta gaya mata abin da ake ciki: hanyar da ke da alama kuma ake bin ta, ba mai ikon toshe ta, wadda ba ta da alama, daji ce kawai. Araceli ta sayi fenti fari da rawaya, ta wasa adda. Hunturu guda ta yi tana sara tana shafa layi biyu a jikin itace, daidai idon mai tafiya. Kafin zafi ya shigo an sa hanyar a taswirar gandun.

A wajenmu da itace ake kwatance. Dutse ruwa na iya gangarar da shi, amma alkornoke ya ga kakanni, zai ga jikoki, shi ya sa Araceli ba ta ko yi tunanin dutse ba. Ta san duk shekara tara ake ɓare shi, yaron goye ma ya sani. Sai dai mu ba da kalanda muke lissafin ɓara ba, da biki ne da rasuwa. Araceli ta ɗauka shekarar auren 'yar ƙanenta aka ɓare wannan ɓangaren, ashe shekarar baikon ne, kuma baikon ya daɗe ƙwarai kafin a ɗaura, don haka lokacin sabuwar ɓara ya kusa ba ta sani ba.

Wata safiya cikin Yuli tana share ƙofar gida, sai ga alfadaran ƙanenta Evaristo suna saukowa, shi ne shugaban masu gatarin ɓare itace. A bayan ta gaba, wata ja da ake kira Kanela, an jibga faifan ɓawo, kuma a jikin na sama ga layi biyu, fari da rawaya. Haka na bayanta, haka na bayan wancan.

"Evaristo, mene ne wannan a bayan Kanela?"

"Ɓawo ne, Yaya. Ko idon ma ya bi sawun gwiwar?"

"Hanyata ka ɗauro gaba ɗaya."

"Hanyarki na nan inda Baba ya bar ta. Kwalliyar kawai na cire mata."

Ta ce masa da ma tun yana ƙarami abin da ya iya ke nan, ɓata abin da wani ya gyara. Ya ce ai ya aiko mata da saƙo ta bakin matarsa, ita ce ba ta sauraron kowa sai kanta. Alfadaran suka wuce da alamun zuwa ma'auni.

Cikin Agusta baƙi suka ɓace sau biyu. Na biyun mata da miji ne, 'yan kwana-kwana suka tsinto su a wani kwazazzabo, ruwansu ya ƙare, matar ba ta iya tsayuwa. Jami'ar gandun ta zo har gida ta ce ba ta da ma'aikatan da za ta bayar, kowa na gadin gobara. Idan ƙarshen Satumba ya yi, lokacin da baƙi ke tururuwa jin kukan barewa, hanyar ba ta da alama, za a cire ta daga taswira. A makon nan makiyayin ya sake fito da turakunsa.

Araceli ta ɗauki gwangwanin fenti ta hau. Itatuwan na tsaye jajir daga ƙasa har wuya, kamar naman da aka fiɗe. Ta tsoma buroshi, ta daɗe tana kallon jikin itacen, sannan ta mayar. 'Yar mai alfadari ba ta bukatar a gaya mata cewa ba a taɓa itace da komai sai ya yi sabuwar fata. Da Evaristo ya ji, ya ce da ta shafa, da shi da kansa zai kai ƙararta.

Saura dutse ke nan. Can sama aikin bai yi wuya ba, duwatsu ne ko'ina. Matsalar tana tsakiya, wani shimfiɗaɗɗen wuri ƙarƙashin manyan itatuwa, ganye ya yi kauri, babu ko tsakuwa, ga turbobin aladen daji sun fi hanyar gaskiya faɗi. Nan baƙin suka ɓace. Ta roƙi Evaristo aron Kanela, ya ce bayanta duk gyambo ne, ba mai ɗora mata ko bargo sai ta warke. Araceli ta shiga ɗebo duwatsu daga rafi cikin tsohon kwandon mahaifinta, da sanyin safiya, tana jan ƙafa. Ta jera su ta shafa. Da ta koma washegari, aladu sun kife su duka suna neman tsutsa.

Ana bukatar manya, masu faɗi, waɗanda za a binne gindinsu. Irin waɗannan kuwa wuri ɗaya suke a kusa: bangon gidan da aka haife ta. Ta zauna a bakin ƙofar har rana ta yi tsaka, ta ci burodinta da man zaitun, sannan ta fara daga bangon baya. Tana mirgino dutse, ta ɗaura masa igiya, ta ja shi gangare.

Wani mai zuma ne ya kai wa Evaristo labari. Ya hau a fusace, ya same ta gumi sharkaf, gwiwar ta kumbura kamar tulu.

"Yaya, gidan Baba kike rushewa?"

"Shi ne."

"Saboda 'yan birni masu gajeren wando?"

"Idan makiyayin ya ja wayar shinge a ƙasa, ta ina za ka zo ka gan shi? Ta sama, da ungulaye?"

Ya zagaya gidan, ya shafa bangon, ya sauka ba sallama. Bayan kwana biyu ya dawo da Kanela, bayanta ya warke, ya ce ba don Araceli ya zo ba, don kada a ce yayarsa ta mutu ƙarƙashin dutse yana zaune a gida ne. Shi ya ciro dutsen murhu, baƙi ƙirin da hayaƙin mahaifiyarsu, ya kafa shi a mararrabar da ta fi ruɗarwa. Araceli ta ce ya karkace. Ya ce idonta ne ya karkace. Ta sa shi ya tone ya gyara.

An yi ruwan farko, barewa suka fara kuka a kwari. Jami'ar ta zo da ayarin baƙi da ba su taɓa taka wurin ba, ta ce su wuce gaba, ita da Araceli da Evaristo za su biyo baya. Sharaɗi ɗaya ne: ba mai nuna hanya.

Har shimfiɗaɗɗen wurin ba matsala. A mararraba wani dogon mutum da ke gaba ya saki hanya ya bi turbar aladu, sauran suka bi shi kamar tumaki. Araceli ta buɗe baki. Evaristo ya gutsuro burodi ya miƙa mata, ya ce ta toshe da shi. Ta karɓa ta tauna, idonta na kan bayan baƙin da ke ɓacewa cikin ganye.

Can sai aka ji muryar wata mata a cikinsu tana cewa ta daɗe ba ta ga fari da rawaya ba. Suka tsaya, suka yi gardama, suka juyo. Ita ce ta hango baƙin dutsen. Ta nuna shi da sandarta, ayarin ya karkata dama, ya kama hawa.

A idon ruwan jami'ar ta cika gorarta, ta ce wa Araceli hanya na nan a taswira, sai dai a ƙara dutse ɗaya kafin mararrabar. Araceli ta ce akwai saura a bangon gefe.

Baƙin suka bazu suna ɗaukar hoto. Dogon mutumin ya leƙa cikin kangon da ke bakin ruwan, ya tambayi Evaristo ina rabin gidan ya tafi.

"Tun safe kuke wuce shi," in ji Evaristo.

Araceli na zaune kan abin da ya rage na bangon, ta miƙe ƙafar hagu cikin ruwan sanyi, tana duban dutsen da za ta cire gobe.