Neman Cocin da Zai Ji Hausar Inna

Akwai wani mai faci a bakin layinmu nan Gusau. Duk sa'ad da ya buga guduma a jikin wilin mota sai in ji gabana ya faɗi, kamar na makara zuwa wani wuri. Ka ce shirme ne, ba zan musa ba. Amma da irin wannan ƙarfen aka riƙa tashina tun ina yaro. A ƙauyenmu, can bayan 'Yankuzo a ƙasar Tsafe, ba mu da ƙararrawar coci, sai wani tsohon wili da aka rataye a reshen tsamiya. Ranar Lahadi katakis, wato malamin da ke ja mana addu'a in babu Fada, babban limaminmu, shi ke buga shi. Bugun farko a yi wanka, na biyu a kama hanya, na uku kuwa duk wanda ya same shi a gida sai ya shirya amsa tambaya.

Na san abin da ke ranka. Bahaushe kuma ɗan Katolika? Na sha wannan tambayar har na gaji da amsa ta. Mu dai haka muka tashi muka tarar. Gidaje ne 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, gonakinmu na jikin nasu, mu kai musu shinkafar Kirsimeti su aiko mana naman layya. Cocinmu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano. In ruwan damina ya sauko ba mai jin abin da katakis ke karantawa, sai a haƙura a koma waƙa. Maza a dama, mata a hagu, kowa bisa tabarma, kuma ba mai shiga da takalmi. Da kaka bayan bagade, teburin ibada na gaban coci, yakan cika da damman gero da dawa na baiko, ƙamshin sabon hatsi ya gauraya da na kyandir, ɓeraye su yi ta shagalinsu.

Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, bisa babur, in rafi bai cika ba. Ranar zuwansa ake furta zunubi. Sai a aje masa kujera a inuwa, a shimfiɗa tabarma gefensa, mutane su ja layi can nesa inda ba za su ji ba. Mu yara nan da nan mun gama: satar gyaɗa, ƙarya, dukan ƙane. Amma in Inna ta durƙusa, to layi ya tsaya ke nan. Sai ta gai da Fada da kwana, da gajiya, da hanya, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa da ba ta taɓa gani ba, sannan ta kama abin da ya kawo ta. Baba, Allah ya ji ƙansa, yakan juya ya ce wa maza, “Ku zamna, uwar ɗiyana ta shiga. Sai azahar.”

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. “Wanga” take ce mini, ko da kuwa mu biyu ne a ɗaki. Ban taɓa jin zafin haka ba, don na san in an raba nama nawa ne ke ƙasan kwano, a ɓoye cikin tuwo.

Aiki ya kawo ni Gusau shekaru da dama, kuma ba zan ɓoye maka ba, birni ya yi mini daɗi. Na sami babban coci mai fanka da tayil, inda ake Mas, wato babbar addu'armu ta Katolika, da Turanci, galibin mutanen ciki 'yan kasuwa ne da ma'aikata daga kudu. Nakan zauna can baya, in amsa addu'a da Turanci kamar kowa, in fice ba wanda ya tare ni da tambayar asalina. Ana nan Baba ya rasu, ƙasarmu kuma ta lalace. Aka fara ɗaukar mutane a gona, aka koma tare hanya. Duk wayar da ta shigo mini daga gida sai na yi addu'a kafin in ɗauka. Da roƙo da magiya, da sa bakin kawunnai, na samu na ɗauko Inna a farkon azumin kwana arba'in na kafin idinmu na Ista, bazara ta fara zafi.

Lahadin farko na kai ta cocina ina ta fankama, a zatona za ta ga ɗanta ya zama mutum. Muna isa ƙofa ta tuɓe takalmanta ta jera su a gefe. Mutane na ta wucewa da ƙwas-ƙwas ɗinsu suna kallonta. Na sunkuya na ce, “Inna, nan ba a tuɓewa.” Ta dube ni, ta dubi bagade, ta shige abinta ƙafa ba takalmi. Ni na bi ta da su a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Har aka tashi ba ta buɗe baki ba, carbinta kawai take ja. A hanya ta ce cocin yana da kyau, sai dai ba ta san abin da aka faɗa wa Allah ba.

Na bincika na sami wani cocin da ake Mas da Hausa da sassafe. Fadan wurin matashi ne mai kirki, bai daɗe da zuwa Arewa ba. In yana karanta Hausa a littafi sai ka rantse ya iya. Ranar Asabar na kai ta furta zunubi, na zauna a benci ina jiran azahar kamar yadda Baba ya saba faɗa. Ko zama ban gyara ba sai ga ta ta fito.

“Yaron ga bai ji ni ba,” in ji ta. “Ina magana shina cewa to, to. Ta ƙaƙa za shi gafarta abin da bai jiya ba?”

Na yi mata bayanin da aka koya mana, cewa Allah ne mai gafara kuma ya ji. Ta ce in haka ne da ta yi zamanta a ɗaki. Fada ya fito, shi ma abin ya dame shi, ya ce mini Hausar tsohuwar ta yi masa zurfi, amma an yarda mutum ya zo da tafinta in yana so. A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin zafinta. Ni da aka haifa a wannan gida, na buɗe baki na ce ai ga ni, sai in fassara. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da ba ta iya kiran sunana, ita nake cewa ta zazzage cikinta a gabana! Da muka isa gida, abincin rana ma ba ta ci ba.

Washegari a coci aka zo karɓar jibi, wato gurasa mai tsarki, ba ta tashi ba. Da yamma ta sa matata ta kira ni, ta yi magana tana kallon bango. “Tun da anka yi mani baftisma ban taɓa tsallake Ista ban furta ba, ban karɓa ba. An ce Fadanmu shina zuwa ƙauye kahin Ista. Gida za ni.”

Hanyar da take magana a kai, daga Tsafe zuwa ƙauyenmu, direbobi ma sai sun tambayi labari kafin su shiga. Na ce mata ana ɗaukar mutane. Ta ce, “Mi ag gare ni da za su ɗauka?” Na san Inna. Ba ta faɗa, ba ta kuka, amma in ta ce za ta yi abu, wata safiya za ka tashi ka tarar da tabarma a naɗe. Daga ranar aiki ya gagare ni. Ina ofis ina kiran matata in ji ko tsohuwa na nan.

Mai gidan da nake haya, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya lura na rame ya tambaye ni. Da na faɗa masa ya ce, “Ashe kai baƙo na har yanzu. Akwai mutanenku hanyar Bunguɗu, manoma na da sunka gudo daga daji. Hannunsu nike sayen masara. Ran Lahadi ba ka samun kowa gida.” Ya kwatanta mini mararrabar da zan sauka daga titi.

Lahadi na hau babur ni kaɗai na tafi. Ina ta ɗaga kai ina neman gicciye bisa rufi, ko allo mai sunan waliyyi. Babu. Tambaya kuma ta gagare ni, don a zamanin nan baƙon da ya zo bisa babur yana tambayar inda Kirista ke taruwa, ka san kallon da za a yi masa. Wani dattijo da na yi wa sallama ya ƙare mini kallo tun daga hula har ƙafa, ya ce bai san kowa ba. Na wuce wata rumfar kwano a bayan wani rumbu har sau biyu, takalma tuli a ƙofarta, na ce a raina masallaci ne ko wurin ɗaurin aure. Na dawo da rana tsaka, bakina a bushe.

Ranar Laraba Inna ta ƙulle kayanta. Ta ce Litinin za ta bi motar 'yan kasuwa. Na roƙe ta Lahadi ɗaya tak, ta raka ni mu sake dubawa. Ban san abin da zan nuna mata ba, jinkiri kawai nake nema.

Muka tafi, tana bayana a zaune a karkace, ta riƙe ƙarfen babur don kada ta taɓa ni. Muka bi duk inda na bi. Ina ta tunanin tashar mota da safiyar gobe. Mun zo wuce rumfar nan sai ta ce, “Tsaya.”

“Masallaci ne, Inna.”

“Wane masallaci na ka tara takalman maza da na mata da na ɗiya ƙohwa guda, da hantsin Lahadi?”

Kafin in kafe babur ta sauka. Na bi ta, na tuɓe nawa takalman ba wanda ya ce in tuɓe. Ciki tabarmi ne, maza a dama, mata a hagu, da ɗan gicciyen kara a jikin bango. Waƙa suke a hankali, ba ganga ba tafi. Daga baya katakis ɗinsu ya gaya mini da gangan ba su kafa alama a waje ba, sun ga abin da ya ishe su a inda suka baro. Inna ta sami wuri cikin mata, na ji muryarta ta shiga amshi, karo na farko tun zuwanta birni.

Sai dai ba Fada. Katakis ya ce akwai wani Fada Bahaushe da ke zagaya su, ana sa ransa Lahadi mai zuwa, in hanya ta yi kyau. Inna ta ce za ta jira, amma ba ta kwance ƙunshinta ba. Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Ranar kuwa tun da safe muna can. Hantsi ya yi, rana ta take, yara suka fara kukan yunwa, ba Fada ba labarinsa, wayarsa kuma ba ta shiga. Ina tsaye bakin hanya, duk ƙarar babur sai in miƙa wuya. Sai wajen azahar ya iso, ƙafar wandonsa duk ƙura, ya ce an tsayar da motoci a gaba ne sai da aka ba da hanya.

Aka aje masa kujera a gindin darbejiya. Inna ta durƙusa. Daga inda nake ba na jin komai, amma na ga ya karkato da kunne, na ga ya girgiza kai, ya yi tambaya ta amsa, har wani wuri ya yi 'yar dariya. Ta daɗe ƙwarai. Ban taɓa jin daɗin jira irin na ranar ba. Da aka zo karɓar jibi tana cikin na gaba.

Bayan an tashi ta sa aka kira mata katakis. Ina tsaye a gefe, amma shi take wa magana. “Malam, ka rubuta ni cikin mutanenka. In ta Allah ta kasance, nan za ku ruhe ni. Kada wanga ya ɗauki gawata ya shiga hanyar can.”

Katakis ya ce Allah ya ja da rai. Tun ranar da aka binne Baba a bayan cocin ƙauye ta nuna wa ƙannena wurin da take so a gefensa, ta ce ko ƙasa ta ƙare kada a ba kowa. Abin da na yi ta fafutuka a kai na samu, Inna ta zauna. Amma sai a lokacin na gane abin da ta bari don ta zauna, kuma don tsoron kada wani abu ya same ni ta bar shi.

Yanzu can muke zuwa duk Lahadi, ni da ita da iyalina. Rumfar ta yi kaɗan, an ƙara mata kwano, an sake ƙarawa. Katakis na cewa a gode wa Allah ikilisiya na girma, muna amsawa da amin, amma kowa ya san daga inda girman ke zuwa. Duk sabuwar fuska wani gida ne aka rufe a daji. Da, nakan tari baƙi bayan Mas in tambaye su wane ƙauye suka baro. Kwanakin baya na tambayi wasu mata biyu da tsohonsu, suka kira sunan ƙauyenmu, suka ce su ne na ƙarshe, su suka ja ƙofar coci suka ɗaure ta da waya. Inna ta yi musu barka da hanya, ta matsa musu wuri a tabarma, ba ta tambaye su komai ba. Ni ma tun daga ranar ban ƙara tambayar kowa daga ina ya fito ba.