Shinkafa da Nama a Zanga-zangar Yunwa

Akwai wata Talata da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, yaran da nake koyarwa a lokacin wasu har sun yi aure, amma ko yau aka ambaci ranar sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya abin ya faru.

Shekarar da aka zaftare mana alawus ce. Ni malamar firamare ce, maigidana kuma magatakarda a wani ofishi, saboda haka a idon mutanen unguwarmu ta Gardole, a Njamena, mu ne masu ci da biro, waɗanda wata ba ya mutuwa sai ya bar musu gado. Dangi su zo da takardar magani, maƙwabta su aiko aron mai, ba wanda ya san albashin nan tun tsakiyar wata yake mana sallama. Buhun gero ya yi tashin gwauron zabi. An hana gawayi an ce a koma gas, gas ɗin kuma ya yi ɓatan dabo. Sai ki bi layi tun safe da tukunyarki, rana ta take a leƙo a ce miki "ma fi", wato babu. Atamfofin lefena ɗaya bayan ɗaya na kai su babbar kasuwa, Gran Marshe, kuma ba layin Hausawa nake bi ba, don kada labari ya riga ni isowa gida.

Katanga ɗaya ta raba ni da wata abokiyar aikina, 'yar kudu, Kirista, wadda kowa ke kira Madam. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Ni an daɗe da tabbatar da ni a aikin gwamnati, ita kuwa 'yar kwantiragi ce, duk shekara sai an sabunta mata takarda. Larabci muke yi da ita kamar kowa a garin, "ahti" take ce mini, 'yar'uwata. Ita kaɗai ta san cikina. Wata rana ta shigo ba sallama, ta ɗaga murfin tukunyar da na ɗora, ta tarar ruwa ne da albasa guda, na sa ne don ƙamshi ya tsallaka katanga. Ta dube ni ta ce, "Ahti, ashe miyarmu iri ɗaya ce." Muka yi ta dariya har dariyar ta koma kuka.

Daga nan maganar ta samo asali. Madam ta shiga gida-gida tana tara mata, Larabawa da 'yan kudu da duk wadda ta yarda ta saurare ta. Shirin ba wani mai tsawo ba ne. Ba jam'iyya, ba jifa, ba zagi. Kowace mace ta ɗauko tukunyarta ta kifa a ka, a taka har ofishin da aka ce shi ke kula da farashin kaya, a miƙa takarda, a dawo. Ni na rubuta takardar, don a Faransanci alƙalamina ba ya jin kunyar kowa. Da aka zo sa hannu na ce a rubuta "matan unguwa" kawai. Ta ce ba sa karɓar takarda marar suna, ta ja biro ta rubuta nata.

Na ce, "Ke da ba a tabbatar ba? Ba kya tsoron aikinki?"

Ta ce, "In mun yi yawa sunana ba komai ba ne, ba mai iya korar unguwa guda. In muka zama 'yan tsiraru, to ni kaɗai za su gani. Matanku Hausawa nawa za ki kawo?"

Ni da bakina da ba ya shawara da ni na ce, "Arba'in, ko fiye. Mu da muke cika gidan suna tun ba a yanka rago ba?"

Ranar Lahadi bayan la'asar na tara matanmu a gidan surukata, Hajiya, wadda ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a cikin Hausawan unguwar sai da saninta. Da fari abin ya yi armashi. Kowa ta buɗe baki, wannan ta ce gas, waccan ta ce kuɗin makaranta, ko da yake duk wadda ta tashi magana sai ta ce "wata maƙwabciyata ce", ba mai cewa ita ce. Ina ambaton tukunya a kife, kowa ta juya ta dubi Hajiya.

Hajiya ta ajiye carbinta. Ta ce, "'Yar nan, kakanninmu Makka suka nufa, guzuri ya ƙare suka yada zango a nan. Abin da ya zaunar da mu lafiya a garin nan shi ne ba mu shiga abin da ba namu ba."

Na ce, "Hajiya, a nan aka haife ki, a nan aka haifi mahaifinki. Zangon nan bai isa ya zama gida ba?"

"Ko ya zama. Mace ta fita titi da tukunya a kife, me ta ce wa duniya? Ta ce mijinta ya kasa. Ke za ki iya tsire ɗana a kasuwa?"

Sannan Hajiya ta kawo abin da a ganinta gyara ne. Ta ce amma maƙwabciya ba ta yin sha'ani a bar ta hannu rabbana. Tunda ba za a samu zuwa ba, kowane gida ya fitar da kwano a aika mata gudummawa, kamar yadda ake yi in biki ko rasuwa ta samu mutum bai samu halarta ba. Nan take fuskoki suka washe, ana ta "wallahi Hajiya kin kawo shawara".

In na ce na yi gardama na yi ƙarya. Sanyi na ji har cikin ƙashina. Tun daren da na rubuta takardar nake tunanin ofishin maigidana da nawa fayil ɗin, ga shi an ba ni ƙofar fita mai kama da mutunci. Ni da na zauna na tsara jimlolin yunwa da hannuna, ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yadda abinci zai yi kama a wurin ba. Ranar Litinin Madam ta leƙo ta katanga ta ce, "Gobe ko?" Na ce, "In sha Allahu." Allah Ya yafe mini, bayan sunansa na ɓuya.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya san mu zai gane. Tunda a gidan Hajiya za a tara kwanukan, kowa za ta ga na kowa, ba wadda ta yarda nata ya zama na baya. Wata ta sayar da 'yan kunnenta. Wata ta yanka kazarta guda ɗaya tilo. Ni na kai atamfata ta ƙarshe kasuwa na sayo shinkafa da mai da nama, na farfasa wani tsohon benci na hura wuta da shi. 'Ya'yana da suka yi watanni ba su ga tsoka ba suna ta kewaya murhu kamar kyanwoyi, na kore su, na ce na mutane ne. Ƙanzo na kankare musu.

Da azahar ta kusa muka cika but ɗin tasi da kujerar baya, aka ce ni zan raka tunda ƙawata ce. Leshi na sa, har da turare, sai ka ce mai zuwa kamu.

Na same su a gindin bishiyoyin dalbejiya da ke gaban ofishin. Ba su kai talatin ba. Tun safe suke tsaye, an ce musu mai ofishin ya fita, ga rana irin ta bazarar Njamena da ke narka kwalta. Wasu da goyo, kowace da tukunya a kife a ka. Madam na hango ni ta taho da sauri tana murmushi, idonta na duba bayana, tana neman mata arba'in. Direba ya buɗe but.

Ta tsaya cak. "Ahti, mene ne wannan?"

"Gudummawa ce daga matanmu."

"Ina matan?"

"Sun aiko."

Ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Rufe. Don Allahn da kike bauta wa ki rufe, ki koma da shi."

Amma ƙamshi ba ya jiran izini. Yara suka fara kuka suna miƙa hannu. Wata tsohuwa ta matso, ta sauke tukunyar da ke kanta, ta daidaita ta, ta miƙo. Daga ita sai ta biyu, sai ta uku. Ban ga laifinsu ba a ranar, ban gani ba har yau, mutanen da wasunsu tun jiya ba su sa komai a ciki ba. Kafin a ce haka, tukwanen da aka zo da su a kife duk sun cika da shinkafa da kaji da funkaso, mata sun zazzauna a inuwa suna ci hannu baka hannu ƙwarya. Madam kaɗai ke tsaye da tata a ka, da takarda a hannu, tana roƙonsu su tashi. Masu gadin ƙofa suna dariya, sun fito da wayoyi suna ɗauka.

A daidai lokacin mai ofishin da aka ce ya fita ya fito daga ciki. Ya ƙare mana kallo, ya ce da Faransanci a ci lafiya. Ya ce shi kansa yau ba a dafa kaza a gidansa ba, ko za a gaya masa wanda ya ɗauki nauyin wannan walima? Ya karɓi takardar da yatsu biyu, bai karanta ko layi ɗaya daga abin da na ɓata dare ina tsarawa ba. Ƙasan takardar ya duba. Ya karanta sunanta da ƙarfi, ya tambaye ta a wace makaranta take koyarwa.

Kafin magariba hotunan sun zaga wayoyin gari. Aka ce ga masu yunwar Njamena, aka ce wani ɗan siyasa ne ya saye su da shinkafa. Matan wasu unguwanni da suka shirya fitowa mako mai zuwa suka fasa, wa zai so a yi masa irin wannan dariya? Farashi bai sauka ko da na ashana ba. Da shekarar karatu ta ƙare aka sabunta wa kowa takarda ban da Madam, ba a kuma ba ta dalili ba. Haya ta gagare ta, ta kwashe 'ya'yanta ta koma Tukra, can bayan gari, wurin wani ɗan'uwanta mai ɗan fili. Ranar da take loda kaya ina ɗaki ina jin ƙarar motar, na kasa fitowa. Hajiya kuwa har ta rasu tana ganin mun fita kunyar maƙwabtaka. Abin da kawai ya dame ta shi ne kwanuka uku da ba a dawo da su ba.

Sai da na shekara biyu kafin na iya shiga motar Tukra. Na same ta a cikin kuɓewa, tana cira tana zubawa a kwando, hannuwan nan da suka saba da alli duk sun faffashe. Babbar 'yarta, wadda ke cewa likita za ta zama, ta bar makaranta, ita ke kai kayan bakin titi. Madam ta shimfiɗa mini buhu, ta ba ni ruwa. Na fara jero ban haƙurin da na haddace a mota, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Na san abin da kuka sayar kuka dafa abincin nan. Na san 'ya'yanki ba su ci ba, ina jin kukansu ta katanga. Ban taɓa cewa ku mugaye ba ne. Amma abin da na roƙe ki ba ya cin ko sisi, ahti. Ki zo ki tsaya kusa da ni a gan ki, shi ke nan."

Na sunkuyar da kai. Can ta ce, "Har yanzu kina koyarwa?"

Na ce eh.

"Albashin yana isa?"

Sai na ji bakina ya ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe."

Ta daɗe tana kallona. Ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa majinyacin da aka san ba zai tashi ba. Ta ɗauki kwandonta ta koma cikin kuɓewa.

A motar dawowa na yi kukan da ban yi ba ranar da ta tashi. Rufin asiri abu ne mai kyau, da shi aka raine mu, amma ranar da gari duka ke jin yunwa, wadda ta ɓoye tata ta zama shaidar wanda ya jawo ta. Kuma in mutum ya roƙe ki abu ɗaya kika ba shi wani don ki kauce wa wanda ya roƙa, ko zinariya kika ba shi ba alheri kika yi ba, kanki kika fansa. Na koyi wannan, amma a makare na koya, kuma ba ni na biya kuɗin karatun ba.