Awon Kafaɗar Haris

Haris Sanusi gajere ne, siriri, mai ƙananan kafaɗu. Duk wanda ya san shi a Greensboro da wannan yake fara kwatanta shi, kafin ya ƙara da cewa mutumin Zariya ne, yana aikin kula da shigar kaya da fitarsu a wani sito na kujeru da gadaje a hanyar McLeansville, kuma ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba.

Ya zo Amurka a 1990 domin karatun digiri na biyu. Sunan mace ne a fasfonsa na lokacin, domin a matsayin mace aka raɗa masa suna aka rene shi a Tudun Wada. Shi kuwa tun yana firamare ya san kansa namiji, bai dai sami wanda zai faɗa wa ba. A Greensboro ya sami likita, ya fara karɓar allura, ya canza suna a hukumance. Murya ta buɗe, gashi ya fito a haɓa. Tsawo bai ƙaru ba. Likitan ya gaya masa tun farko cewa allura ba ta ƙara ƙashi.

Hausawan garin ba su da yawa a lokacin, kowa ya san kowa. Wasu suka daina amsa sallamarsa, wasu suna amsawa suna kallon gefe. Anti Fassouma, wata 'yar Damagaram da ke kitso da sayar da abinci a gidanta, ita ce ba ta canza masa fuska ba. Ta ce ita abin da ta sani shi ne yana cin tuwonta, yana wanke kwanonsa.

Abin da ya fi damun Haris kullum, fiye da kallon mutane, shi ne kayan sawa. In ya shiga kantin maza ya ɗauki mafi ƙanƙantar kwat, kafaɗa sai ta zubo masa, hannu ya rufe yatsu, wando kuwa sai an naɗe. Masu kanti sukan dube shi su nuna masa sashen yara. A can kafaɗa tana yin daidai, amma aljihu ba ya ɗaukar walat, taye na maƙalawa ne da ƙarfe, yawancin rigunan kuma da hoton ƙwallo a gaba. Yakan tsaya cikin iyaye mata da 'ya'yansu yana juya riga, kamar ɗan wansa yake saya wa.

A sito babu wanda ya damu, kowa rigar aiki ɗaya yake sawa. Amma a 1995 'yan Nijar suka yawaita a garin, wani ofishin lauyoyi ya nemi wanda zai riƙa yin tafinta a kotu tsakanin Hausa da Turanci. Haris ya so aikin ƙwarai. Aiki ne na tsayawa a gaban mutane a saurari bakinka, kuma an ce in ya yi kyau za a riƙe shi dindindin.

Ranar farko ya je da kwat ɗin yara mai maɓallan tagulla. Lauyar da ofishin ya turo ta gaisa da wanda ake ƙara, wani direba mai suna Iliyasu, sannan ta dubi Haris ta tambaye shi ko babansa mai tafintar yana waje yana ajiye mota. Da ta gane ta ba shi haƙuri sosai. Iliyasu kuwa ya matso ya ce a hankali, "Yanzu wannan yaron ne zai yi mini magana a gaban alƙali?"

Haris ya yi tafintar, bai yi kuskure ba. Da yamma ya ba Anti Fassouma labari, bai taɓa tuwon ba.

"Kai ma da neman wahala," in ji ta. "Ga Baba Laouali nan kusa da Elm Street, kana yawon kantuna. Je ka ya ɗinka maka naka."

Baba Laouali mutumin Maraɗi ne, tela tun yana saurayi. Yana da tebur da keken ɗinki a bayan wani shagon wanki da guga, inda yake rage wa Turawa wando yana sa musu zif, ran Asabar kuma ya yi wa 'yan gida ɗinkin suna da na salla. Tef ba ya barin wuyansa. Yana da ƙa'idoji biyu da ya taso da su a shagon maigidansa. Ba ya ɗora tef a jikin mace, sai dai ta kawo rigar da ta yi mata daidai a matsayin samfur, ya shimfiɗa ta a kan yadi ya bi da alli. Kuma ba ya gardama da samfur. Abin da aka kawo shi ake so, telan da ya canza shi ya raina mai kaya.

Ya san Haris tun shekararsa ta farko, kafin ya canza suna, lokacin da yake rako Anti Fassouma kawo atamfa. Da Haris ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi, Baba ya amsa da fara'a, ya zaro wani yadin ulu mai ruwan toka ya ce ya taɓa ya ji. Sannan ya kama tef ya fara zare shi daga wuya. Hannunsa ya tsaya. Ya dubi Haris, ya dubi tebur, ya mayar da tef ɗin.

"Bon," ya ce da Faransanci. "Kawo mini wadda ta yi maka daidai."

"Baba, da ina da wadda ta yi mini daidai, me zai kawo ni?"

Baba ya yi dariya. "Ko ɗaya babu? Duk faɗin Amurka?"

Haris ya ga hannun da ya tsaya, ya kuma san dalili. Amma gaskiyar magana shi ma sai ya ji sanyi a ransa. Yana ɗaure ƙirjinsa da wani faffaɗan bandeji a ƙarƙashin riga, kuma tun a bas yake tunanin yadda zai yi in tef ya iso wurin. Saboda haka bai ce a auna shi ba. Ya ce akwai guda ɗaya.

Wata baƙar kwat ce da ya saya a sashen mata a makonsa na farko a jami'a. Tana ƙasan akwati, bai sake sa ta ba, amma ita kaɗai ce ta taɓa zama a kafaɗarsa. Washegari ya kawo ta a ƙunshe cikin leda. Ya tarar da mutane a shagon, kunya ta kama shi, ya ajiye ledar a kan tebur ya ce yana sauri. Bai ce kafaɗa da tsawon hannu kawai za a ɗauka ba. A ganinsa tsohon tela ba ya bukatar a gaya masa wannan.

Ranar karɓa, wani direban tasi mai suna Nouhou yana zaune a shagon yana shan shayi, kamar yadda ya saba. Baba ya ɗauko kwat ɗin da kansa ya riƙe wa Haris ya zura hannu. Kafaɗar ta zauna cif. Hannun ya tsaya daidai wuyan hannu. Haris ya ce bai taɓa jin tufa ta kama shi haka ba, har ya fara murmushi a madubi.

Sai ya kai hannu zai ɓalla maɓalli, ya ji babu shi a dama. Yana hagu, yadda ake sa wa mata. Ya dubi madubin da kyau. An matse ƙugu, an buɗe ƙasa, ga ɗinki biyu sun hau ƙirji sun ba shi wuri. Baba ya kwafe samfur bai bar komai ba.

"Kai, Baba!" in ji Nouhou. "Wannan ai irin ta matar nan ce mai karanta labarai a talabijin. Saura jan baki."

Haris ya cire kwat ɗin, ya ninke ta, ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Na gode, Baba." Ya fita. Yana jin Baba na kiran sunansa har bakin titi, bai waiwaya ba. A ransa ya gama yanke cewa da gangan aka yi, tsohon ya gaya masa da allura da zare abin da bai iya faɗa da baki ba.

Ya koma kotu da wata kwat ta manya, ya naɗe hannun ciki ya kama da fil. Duk lokacin da ya ɗaga hannu zai yi rantsuwa, hankalinsa na kan fil ɗin. Babu wanda ya yi masa maganar kaya, babu wanda ya kore shi. Shi ne ya fara cewa yana da aiki a sito in an kira. Da uzurin ya yi yawa, ofishin ya ɗauki wani ɗalibi.

Anti Fassouma ta kawo masa saƙo tun a makon farko. "Baba ya ce ka zo, da hannunsa zai auna ka. Ya kori Nouhou daga shagon, ya hana shi shayi. Ya ce abin da ka kawo shi ya ɗinka, bai ga abin da ya yi ba sai da ya gan ta a jikinka."

"Zan je, Anti."

"Yaushe?"

"In na sami lokaci."

"Kai da gwamna wa ya fi wani aiki?"

Saƙon ya sake zuwa da ƙaramar salla, ya sake zuwa da babba. Baba ya ce ya ware wani yadin irin wancan, ba zai yanka wa kowa ba. Haris ya daina jin haushi tun da daɗewa, ya kuma yarda cewa ba da gangan ba ne. Sai dai duk watan da ya wuce, zuwan na ƙara yi masa nauyi. In ya sauka a tashar bas yakan tsallaka ɗaya gefen titin don kada ya bi ta ƙofar shagon.

A ƙarshen 1998 Baba Laouali ya faɗi a bakin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ɗan ƙanensa ya ɗauke shi zuwa gidansa a Pleasant Garden, aka sayar da keken, aka fara shirin mayar da shi Maraɗi. Wannan karon Anti Fassouma ba ta kawo saƙo ba. Ta tsayar da mota a ƙofar gidan Haris ta danna hon har ya fito.

Sun tarar da Baba a kujera a baranda, bargo a ƙafa, hannun dama a kwance a cinya. Haris ya durƙusa ya gaishe shi. Ya fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannun hagu.

"Bar wannan. Fassouma, ɗauko mini tef a jakar nan."

Bakinsa ya ɗan karkace, amma ana jin maganar. Ya sa Haris ya juya baya ya rage tsawo, ya ba shi bakin tef ya riƙe a kafaɗa, shi kuma ya ja da hagu. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna wuya. Da aka zo ƙirji ya ce, "Ɗaga hannu, malam." Haris ya ɗaga. Tef ya zagaya a kan bandejin. Baba ya duba lambar ya faɗe ta, ya wuce zuwa ƙugu.

"Ashe ma abin ba wuya," in ji shi. "Ka ga da ka ce mini, Baba auna ni."

"Ni ma tsoro nake ji, Baba."

"To, mu biyu ke nan." Ya saki tef ɗin a cinyarsa. "Ga awo ya samu, babu hannu."

Ya sa aka ɗauko yadin, yana nan a ninke cikin takardar shagon wanki, ya ce Haris ya kai wa wani tela, ya kuma tsaya a auna shi. Bayan salla aka sa Baba a jirgi.

Haris ya kai yadin wurin wani tela ɗan Vietnam a cikin gari. Mutumin ya auna shi bai tambayi komai ba, ya ɗinka kwat mai maɓalli a dama, madaidaiciya daga hammata har ƙasa. Ita yake sawa yanzu in ana suna ko ɗaurin aure, kuma ba a ƙara tambayarsa ina babansa ba. Aikin kotun yana hannun ɗalibin nan, Haris yana sito. In aka yaba kwat ɗin yakan yi godiya, ya ɗan gyara ta da yatsa ta gefen wuya. Kafaɗar ba ta zauna kamar ta Baba Laouali ba.