Hoton da Yaya Bukar Bai Gani Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Bukar makwancinsa a Hadejia, amma sai bana hankalina ya kwanta game da shi.

Malamin gona ne, mai taurin kai irin nawa. A zamaninsa ruwan kogi ya daina isa gonakin shinkafar ƙauyen su Inna, mahaifiyarmu. Suka ce mutanen ƙauyen su Baba, mahaifinmu, da ruwan ke fara biyowa ta wajensu, sun tare shi da buhunan yashi. Don a raba gardama, Bukar ya samo hoton kogin da aka ɗauka daga sama, ya haska da majigi a bangon makaranta. Hoton ya fito dishi-dishi, wani duhu ya gitta mashigar ruwan. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya miƙe ya ce, "To ga buhunan nan, kowa ya gani!" Ranar har sanduna aka ɗaga.

Abin ya ci Bukar. Ya koma farke matattun majigi, yana ciro gilasan da ke fitar da hoto, yana jera su uku-uku, wai sai hoto ya yi kaifin da za a bambance ciyawa da buhu. Ni kuwa ina masa tsiya, ya mayar da ɗakin Inna bola. Ya rasu bai kai gaci ba, ana cewa shi ya raba zumunci. Wannan magana ta daɗe tana min ciwo.

Bana abokan aikinsa suka zo da sabon majigi, irin wanda ya yi ta fafutukar haɗawa, suka haska wancan tsohon hoton. Duhun nan ashe kachalla ce, ciyawar da ke toshe kogi, ga ta tsaye cunkus. Kawu Sale ya dogara sanda har jikin bango, ya daɗe yana kallo.

Da Bukar na nan, na san ba zai yi wa kowa gori ba. Sukurdireba zai nema ya kwance na'urar ya ga cikinta. Abin da ya bar mana shi ne nacin cewa a ga abu sosai kafin a zargi mutum.

Washegari mutanen ƙauyukan biyu suka shiga kwalekwale da lauje don yanke kachallar. Da la'asar Kawu, wanda ko rasuwar Bukar ba ta kawo shi ba, ya yi sallama a gidanmu, ya zauna gaban Inna ya ce, "Yaya, na zo ta'aziyyar Bukar."