Bututun Haliru da Wuyan Ɗangiwa

Idan ka kira ƙanena Haliru ya ja maka wuta, kada ka yi mamakin ganinsa yana leƙa turken dabbobinka kafin ya kalli bango. Daga Tambuwal har Kebbe an san shi da wannan hali. Ni Zulaihat na san mafarinsa, kuma sai na faɗa ko zai yi fushi.

Shekarar da ya gama koyon wayarin a Sakkwato, gidanmu ya fara yi wa aiki. Babbar waya za ta sauko ta bayan zaure, ta shiga akwatin raba wuta, dole a sa ta cikin bututu. Akwai na ƙarfe, akwai na roba. Gogan ya zaɓi farin roba, wai ya fi kyau a ido kuma ba ya tsatsa. Ya ɗaure shi a jikin bango tsaf, muka yi ta yabo.

Damina ce lokacin, shanunmu suna daji wurin makiyaya. Haliru da aka haifa a gidan nan ya manta bangon wa ya taɓa! Nan Ɗangiwa, bajimin san Innarmu, yake sosa wuya tun yana maraƙi. Inna kuwa ta fi ji da shi a kanmu, ban ƙara gishiri ba.

Da kaka shanu suka dawo. Wata hantsi muka ji ƙaras! Muka fito a guje. Ga bututu a fashe, ga waya ta saɓule tana rataye a ƙahon Ɗangiwa, shi kuwa yana tuƙarsa hankali kwance. Inna ta ɗora hannu a ka, Haliru ya duba mita ya ce, "Babu wuta, tun safe anka ɗauke!"

Ban taɓa ganin gidan da aka yi guɗa don an ɗauke wuta ba sai namu.

Ranar ya sa aka cire layin daga turken lantarki, ya sayo bututun ƙarfe mai kauri, ya haɗa masa wayar ƙasa, ya zagaya da shi ta bangon da dabba ba ta kaiwa. Da ya gama ya kira Inna ta gani. Ta dubi bututun, ta dubi bajiminta, ta share hawaye da bakin zane.

"Shi yi kyau ko kada shi yi kyau," in ji ta, "Ɗangiwa dai shina da ransa."