Layin da Yaya ta ƙara

Na haɗa wasan kwamfuta na keke mai kauce wa ramuka, zan nuna a makaranta washegari. Yayata mai aiki a Abuja, tana shirin komawa, ta duba, ta ƙara layi ɗaya a saman umarnin da na rubuta wa kwamfutar, wai layin tsaurara doka ne don kada ta ƙyale kuskure. Nan take wasan ya mutu, kurakurai suka fito sun fi 'yan kasuwar Keffi yawa.

“Yaya, kin kashe min keke!”

“Da ma a lalace yake, auta. Kwamfutar ce ke rufa maka asiri kamar Kaka.”

Na yi kukan da aka ji har can garin Jigwada. Ta ajiye jakarta, ta bar motar Abuja ta wuce. Muka bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, kaina a kafaɗarta, har keken ya tashi.