Gangar Noman Baba Tanko

Wata Talata bayan yankan gero, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauyenmu kusa da Dakusa, malaminmu Mushe Isufu ya shigo aji rungume da rediyo mai kaset, ya ɗora ta kan tebur, ya sa mata pil, wato batir. Ya jiyar da mu algaitar fada, sannan goge, sannan jita irin ta 'yan birni, yana tsayarwa yana faɗa mana wanda ya tsara kowane kiɗa da zamaninsa. "Waƙa ba daga sama take faɗowa ba, wani ne ya zauna ya ƙaga ta," in ji shi. Mu dai hankalinmu na kan langar da za mu yi in an tashi.

Sai ya tambaya wa ya tsara waƙoƙin da ake yi wa manoma ranar gayya. Aji duka ya juyo gare ni, don kowa ya san kakana ne, Baba Tanko mai gangar noma. Tun ina ƙarami nake ganin yadda yake tsayawa bakin gona ya kira sunan saurayi da na ubansa, har mai hauya ya manta da gajiya. Amma a filin lakwal "jikan maroƙi" ake ce mini, Lawali ɗan maigari har yakan jefo mini ƙwallon goruba, wai tukuicin kiɗa ne.

Mushe ya aike ni in roƙi tsohon ya zo da gangarsa a ɗauki muryarsa a kaset. Na koma gida, na kai awaki kiwo, na ɗebo ruwa, na ci tuwo kwano ɗaya da shi, ban ce uffan ba. Ina gudun ranar da zai rataya ganga gaban su Lawali. Da Mushe ya tambaya na ce Baba ba shi da lafiya. Ya sake aikena, ya kuma sakewa, sai na ce Baba ya ce ya tuba da kiɗa. Wannan ƙaryar ta kashe maganar, don ba mai ce wa tsoho ya koma abin da ya bari don Allah. Mushe ya jinjina kai ya ce, "Allah ya karɓa." Baba bai taɓa sanin an neme shi ba. Damina biyu bayan haka ya rasu, gara ta cinye gangar a rumbu.

Yau a Zinder 'ya'yana suna da ɗaruruwan waƙoƙin Kano a waya, ta kakana ko ɗaya babu. Na bi tsofaffi har garin Guna ina neman waƙoƙinsa, wannan ya tuna baiti ɗaya, wancan ya ce ba haka yake ba, su yi ta gardama in dawo da ciwon kai. Kowa cewa yake mutuwa ce ta tafi da waƙoƙin. Ni na san ba ita ba ce.